Tsakanin Arba'in da Rabin Aji

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta san mace mai ciki, amma sai ta ga tana ƙarƙashin mai biyanta albashi. Sashe na 54 na dokar, wadda tushenta ke komawa shekarun 1970, ya ba mace damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan ta kawo shaidar likita, ya kuma hana a sa ta aiki a mako 6 na bayan haihuwa. Idan ta yi wata 6 a jere a wurin, wajibi ne a biya ta aƙalla rabin albashinta a tsawon wannan lokaci. In ta koma bakin aiki, tana da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa, kuma ba a yarda a miƙa mata takardar sallama tana cikin hutun ba. Kuɗin asibiti kuwa, dokar ta faɗa ƙarara cewa ba ya wuyan mai aikin. Iyakar abin da ƙasa ta lamunce wa ma'aikaciya ke nan. Duk wadda ta samu fiye da haka, ta wata ƙofa ya shigo mata.

Ban taɓa zama na bi sashen nan layi-layi ba sai a shekarar da mata uku na gidanmu suka ɗauki ciki kusan lokaci guda. Ni ɗan Zandam ne, a ƙaramar hukumar Gwaram, can kudancin Jigawa wajen iyakar Bauchi, aiki ne ya zaunar da ni Kano. Mai ɗakina ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce. Ƙanwata tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Birnin Kudu. Matar ƙanena tana gida Zandam, sana'arta matsar man gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli. Jini ɗaya ne zai fito daga cikkunan uku, kaka ɗaya ce za ta ɗauki jikokin, amma a idon hukuma kamar daga ƙasashe uku matan suka fito.

Batun mai ɗakina bai da wani tsawo. Dokokin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ba da mako 16 da cikakken albashi, ana lissafa hutun shekara a ciki, sannan sa'a 2 kullum na shayarwa har wata 6 bayan komawa aiki. Ta cike fam, ta haɗa da takardar likita, aka sa hannu. A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince wa ma'aikata maza da hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Wannan bai shafe ni ba, don ni a kamfani nake. Kwana biyun da na samu na suna, daga hutuna na shekara aka zare su.

Ƙanwata ce ta sa na buɗe littafin doka. Da cikinta ya shiga wata na takwas, mai makarantar ya kira ta ofis, ya yi mata addu'ar sauka lafiya, ya ce in ta yi arba'in ta dawo, in wurinta yana nan to nata ne. Maganar albashi bai taɓo ta ba, ita ma kunya ta hana ta tayarwa. Da dare ta buga mini waya.

"Yaya, kai da kake ta'ammali da takardu, ina da wani haƙƙi a kansa ko babu?"

Na ce mata ta turo mini takardar da aka ɗauke ta aiki da ita. Ta yi dariya, ta ce ai da baki aka yi magana.

Nan ne mutum zai ga yadda ƙofar take da ƙunci. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su cika, amma wa ke bibiya? Ko da takardar tana nan, sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa daga ma'anar "ma'aikaci", don haka lauyan mai makaranta zai iya tsayawa ya ce malama ƙwararriya ce, haƙƙinta yana cikin yarjejeniyarta kaɗai, yarjejeniyar da ba a rubuta ba. Lauyanta zai mayar da martani, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin duba irin wannan ƙara. Sai dai matar da albashinta bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, da me za ta ɗauki lauya? Shi kansa mafi ƙarancin albashin bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ƙananan makarantun kuɗi da na sani a garuruwanmu ba su kai ba. Kwana uku bayan arba'in ta koma aji da jariri a baya. Wurinta yana nan. Albashin wata biyu kuwa ya tafi.

Na ji haushin mai makarantar, har yanzu ma ina ji. Amma da na yi masa lissafi da idon akanta, sai na ga inda gizo ke saƙar. Dokarmu ta ɗora nauyin biyan mai jego gaba ɗaya a kan wanda ya ɗauke ta aiki. Mutumin da kuɗin makarantar yara ɗari da 'yan kai ne jarinsa, in zai bi doka, sai ya biya mai hutu rabin albashi, ya kuma biya wadda za ta riƙe mata aji. Sakamakon da ya fi rashin biyan muni shi ne wanda ba a gani: ranar ɗaukar ma'aikata, sai ya kalli amarya ya kalli saurayi, ya zaɓi saurayin. Saboda haka ne Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, da ta sa mafi ƙarancin hutu mako 14 da biyan aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi, ta ce kuɗin su fito daga asusun inshorar al'umma ko baitulmali, kada a jinginar da su kan mai aiki ɗaya. Najeriya ba ta rattaba hannu a kanta ba. Nijar ta rattaba a 2019. Ma'aikaciya a Maradi tana da mako 14, kuma asusun CNSS yana ɗaukar wani kaso na biyan. A Ingila mai aiki ne ke biyan kuɗin hutun haihuwa na mako 39, amma gwamnati tana mayar masa da kashi 92 cikin 100, ƙananan kamfanoni ma fiye da haka. Mai makarantar Birnin Kudu ba wanda zai mayar masa da ko kwabo.

Wasu jihohi sun matsa gaba, ga nasu ma'aikatan. Legas ta kai hutun wata 6 a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Dalilin a fili yake: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla har wata 6, kuma ba yadda za a yi a ce wa mace ta shayar da nono zalla na wata 6 sannan a kira ta ofis a wata na uku. Amma ku lura da sharaɗin Legas: wata 6 ɗin na haihuwa biyu na farko ne. In da za a kwafo wannan sharaɗi zuwa Jigawa, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace tana haihuwar kimanin yara 7, to an bar biyar a waje. Duk sharaɗin cancanta yana ɗauke da hoton macen da mai rubuta shi ya hango, kuma ba kasafai hoton ke kama da matan garinmu ba.

Matar ƙanena ba ta tambayi kowa haƙƙinta ba, domin babu wanda za ta tambaya. Tana cikin fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan waɗanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke lissafawa a matsayin masu sana'ar da ba ta kan tsari. Ranar da ta daina matsa, ranar kuɗi ya daina shigowa. Duk da haka, a cikin matan uku ita ce ta fi samun hutu na gaskiya a makonnin farko, kuma a nan nake so in ɗan daɗe.

Jego tsari ne cikakke, da dokokinsa da ma'aikatansa. Kwana arba'in mai jego ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta girki. Akwai mai dafa mata ruwan wanka safe da yamma, akwai mai dama kunu, akwai tsohuwar da ke kwana da ita. In haihuwar fari ce, tun kafin watan ya kama an mayar da ita gidan iyayenta. Miji ya san abin da ke kansa: itace, ragon suna, kauri, abinci mai gina jiki. Maƙwabta su kawo sabulu da zane da 'yan kuɗi, waɗanda a haƙiƙa bashi ne na zumunci, domin ranar da tasu ta zo za a mayar. In ka cire sunan, wannan ita ce inshorar da Yarjejeniya ta 183 ke magana a kai: kowa ya zuba, mai buƙata ta ɗiba. Ba na cewa komai nasa alheri ne. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta da yawan kunun kanwa, ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya waiwayi wasu dalilan. Inna kan ce su da suka yi haka ga su nan da ransu. Ni kuma nakan tuna mata waɗanda ba su nan.

Shi ma jego yana da nasa sharaɗin cancanta, kuma ya fi na gwamnati tsauri ta wata fuska: sai kina da dangi a kusa, sai mijinki yana da abin hannu, sai kakar ta yi kyau. Wadda ta haihu bayan an kai amfanin gona gida ba ɗaya take da wadda ta haihu a tsakiyar damina ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowane hannu yana gona. Wadda mijinta ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal tana jiran abin da zai turo. Bazawara da aka saki da ciki, ko baƙuwar da aure ya kawo daga nesa, arba'in ɗinta kan ƙare a kwana goma. Matar ƙanena ta yi nata cikakke, amma jarin man gyaɗarta ya narke a hidimar suna da cefane, sai da muka haɗa mata wani bayan wata uku.

An taɓa gwada wata hanya a Jigawa, kuma ina mamakin yadda ba a cika maganarta ba. Daga 2013 zuwa 2019, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da shirin tallafin renon yara a ƙananan hukumomi biyar: Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, Anka da Tsafe a Zamfara. Ana ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, tun daga ciki har yaro ya cika shekara 2, tare da wayar da kai kan shayarwa da ciyarwa. Abin da ya fi burge ni shi ne sharaɗin shiga. Ba a tambayi takardar aiki ba, ba a auna talaucin gida ba. Mace ta kasance mazauniyar garin, gwajin fitsari ya nuna tana da ciki, shi ke nan. Kuɗin kuma hannunta suke shiga. Masanan da suka bibiyi shirin sun wallafa a 2021 cewa tsumburewar yara ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100, kuma mata da yawa sun juya wani ɓangare na kuɗin zuwa sana'a da kiwo. Gwaram ba ta cikin wuraren da aka zaɓa. Buji kuwa maƙwabciyar Birnin Kudu ce; tazarar da ke tsakanin wadda ta samu da wadda ba ta samu ba, tafiyar mota ce ta ɗan lokaci.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ana yanka wa yaro kaso daga baitulmali ne bayan an yaye shi. Wani dare ya ji jariri yana ta kuka, ya bincika, sai ya tarar uwar tana ƙoƙarin yaye shi kafin lokaci domin ya shiga cikin masu karɓa. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da kasonsa tun daga haihuwa. Abin lura shi ne bai tsaya ga zargin uwar ba. Ya gane cewa sharaɗin ne ya tura ta, sai ya gyara sharaɗin.

Ba zan yi wa Jigawa rashin adalci ba. Jihar ta daɗe da shirin kula da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta, da shirin Haihuwa Lafiya mai kai mata asibiti daga ƙauyuka idan naƙuda ta zo da gardama. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga kiwon lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa masu ciki cikin rukunin da za a ɗauke wa nauyi. Duk waɗannan suna magana ne kan awo da magani da ɗakin haihuwa. Babu ɗaya a cikinsu da ke maye wa mace kuɗin da ta rasa a watannin da ba ta iya tsayuwa kan turmi.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta haɗa matan uku wuri ɗaya bayan doka ta raba su: in hutu ya ƙare, wa zai riƙe yaron?

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, a wajen fassara kalmomi, ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, amma inda ta yi maganar kyauta da tilas, firamare da ƙaramar sakandare ta ambata. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ga ɗan shekara 5, a makarantun gwamnati. Shi ne abin da muke kira rabin aji. Daga haihuwa zuwa shekara 4 kuwa, manufar ta bar wa gidajen raino, waɗanda galibinsu na 'yan kasuwa ne. To, a yi lissafi. Hutun da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan yana ƙarewa a wata na 6. Gurbin kyauta na farko yana buɗewa a shekara ta 5. Tsakaninsu shekara huɗu da rabi ne da babu hukumar da ta ce nata ne.

Wani abokina da ke aikin jinya a Ingila yakan yi mini ƙorafin fam ɗin da suke cikewa. A can kowane yaro ɗan shekara 3 da 4 yana da sa'a 15 a mako kyauta, mako 38 a shekara, ko iyayensa suna aiki ko ba sa yi. Daga Satumba 2025, iyaye masu aiki suna iya samun sa'a 30 tun yaro yana wata 9, muddin kowannensu yana samun aƙalla kwatankwacin aikin sa'a 16 a mako a mafi ƙarancin albashi, kuma bai wuce fam 100,000 a shekara ba. Suna muhawara kan wanda layin ya bari a waje: ɗalibai, marasa aiki, baƙin da bizarsu ta hana su taɓa kuɗin gwamnati. Ina sauraronsa da sha'awa, domin muhawararsu ta wa ya cancanta ce. Mu tukuna babu abin da za a cancanta.

Ba wai yaranmu suna zaune babu mai riƙo ba. Akwai mai riƙo, kuma mu masu karanta irin wannan rubutu mun san ta. Da hutun mai ɗakina ya kusa ƙarewa, na je gida. Inna ta kira ni ɗaki.

"Ga 'yar wajen kawunku nan, ta isa goyo. Ku tafi da ita ta riƙe muku yaron, ku sa ta makaranta a can."

Yarinyar tana aji huɗu. Na ce, "Inna, a bar ta ta gama tukuna." Gwaggona ce ta zo ta zauna mana wata biyar, daga nan muka kai shi gidan raino na kuɗi, abin da albashi biyu ya ba mu iko. Ba kowa ke da gwaggo mai lafiya da lokaci ba, ba kowa ke da albashi biyu ba, don haka ba na ɗaga wa kowa hanci. Amma na ga isassun 'yan raino a gidajen abokai a Kano da Dutse da zan iya faɗin yadda "ku sa ta makaranta a can" kan ƙare: islamiyyar yamma, in an samu sarari. A Zandam ma haka abin yake ba tare da an je birni ba. Uwa tana matsar mai, babbar 'yarta tana goye da ƙani, ko tana yawon talla da ƙuli-ƙulin. Jigawa tana shelar ilimi kyauta ga 'ya'ya mata, amma kyautar ba ta da amfani ga yarinyar da aikin raino ya riƙe a gida da hantsi. Gidan rainon da gwamnati ba ta gina ba, 'yan mata 'yan shekara 9 da 10 ne ke biyan kuɗinsa da karatunsu, kuma wani kaso na aikin ofis da matanmu masu digiri ke yi a birni a kan bayan waɗannan yara yake tsaye.

Shi ya sa nake ganin masu fafutukar hutun wata 6, waɗanda nake goyon baya, sun kama reshe ɗaya ne kawai. Ko gobe duk jihohi 36 suka amince, ma'aikatan gwamnati ne za su amfana, ƙanwata ba ta ciki, matar ƙanena ba ta ciki. Abin da zai kai gare su shi ne kuɗin da ke bin katin awo maimakon takardar albashi, kamar yadda aka gwada a Buji, da asusun haɗaka da zai ɗauke wa ƙananan masu aiki nauyin biyan mai jego. Sannan rabin aji ya sauko ƙasa zuwa shekara 3, da malama tasa ta kansa da tabarma da ruwan sha. Kuɗin ba daga sama za su faɗo ba: dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin tushe, jiha tana karɓar kasonta ne idan ta ajiye kwatankwacinsa, kuma ƙa'idar hukumar UBEC ta keɓe kashi 5 cikin 100 na wannan tallafi ga azuzuwan ƙananan yara. Kashi 5 ba zai gina komai mai yawa ba, amma lamba ce da ɗan majalisar jiha mai wakiltar Gwaram zai iya tambayar SUBEB inda ta shiga, mazaɓa bayan mazaɓa.

A makarantun ƙauye da na leƙa, rabin aji yakan zama ɗakin da ya rage, ko inuwar bishiya, kuma malamin aji ɗaya ne ke leƙa su in ya samu sarari. Ba a cika tambayar takardar haihuwa ba, shugaban makaranta da ido yake auna shekaru. Saboda haka za ka ga 'yan shekara 3 a cikinsu, waɗanda a takarda ba su cancanta ba. Sun biyo yayyensu mata ne, domin sharaɗin da uwa ta gindaya kafin ta bar yarinya ta tafi makaranta shi ne ta tafi da ƙaninta.